Maganina Da Muka Raba Biyu

Babu! Wallahi babu! 'Yan uwa ku taya ni murna, Nana Aisha ba ta da shi!

Yanzun nan na sauka daga mota a Tungan Maje, ko hijabi ban cire ba. Awon ƙarshe ke nan, na wata goma sha takwas, wanda ake yi bayan an yaye yaro. Sista Mariya, nas ɗin da ke ba mu magani, sau biyu ta karanta min takardar, na ce ta ƙara.

Ta ce, "Kubra, so kike in rera miki shi da kiɗa?"

A gaban teburinta na faɗi na yi sujada, mutane na kallo, ko a jikina!

Ni ina da ƙanjamau. Wadda ba ta sani ba yanzu ta ji. Amma 'yata ba ta ɗauka ba, Alhamdulillahi!

Tunda yau bakina ya buɗe, bari in ba ku labarin babanta, Maliki, don an faɗi maganganu da yawa a kanmu. Abu ɗaya na yi ta roƙon bawan Allahn nan tun kafin aure: ya je ya buɗe katinsa na asibiti, ya karɓi maganinsa na kansa, ya rayu. Shi ke nan fa.

A kasuwar kifi ta Kado na san shi. Ina taya Gwaggona sayar da tarwaɗa, shi kuma direban wani oga ne a ma'aikatar gwamnati, duk Asabar yake kawo Madam sayayya. Madam na ciniki, shi yana tsaye yana juya makulli a yatsa yana kallona.

"Uwar kifi, yau ma yanka mu za ki yi da tsada?"

"Oga direba, ina ruwanka? Aljihunka ne ko na Madam?"

"Aljihun na Madam ne. Amma wanda zai zo gobe Lahadi ba a aike shi ba, ni ne."

Kuma ya zo ɗin! Ba Madam, ba mota, ya sha shadda ruwan toka, ya zauna a benci cikin ƙarnin kifi har la'asar. Ƙudaje na sauka a hularsa yana ta murmushi kamar a falo yake.

Wata huɗu muna haka.

Ni bazawara ce lokacin. Mijina na fari ya rasu, a wajen jinyarsa aka auna ni aka ce ina da shi. Shekara uku ina kan magani, ƙwaya ɗaya kullum ƙarfe shida na safe, ban taɓa tsallakewa ba. Jinina ya yi kyau har in an auna ba a ganin ƙwayar cutar. In kin gan ni sai ki rantse ko mura ban taɓa yi ba.

Ranar da ya ce zai turo manyansa, na ciro robar maganin daga jakata na danƙa masa a hannu.

"Mene ne wannan?"

"In za ka aure ni, da shi za ka aura."

Ya juya robar, ya karanta, na ga lokacin da ya gane.

"Kubrata..."

"Kar ka ce komai yau. Je ka yi tunani. Kai ma ka je a auna ka, haka ake yi."

Kwana tara ban gan shi ba, wayarsa a kashe. Na yi kuka har Gwaggo ta ce in matsa daga kan bahon kifi kar gishirin hawayena ya kashe mata jari.

Ran na goma sai ga shi. Idonsa ja. Ya zauna a bencin nan, ko gaisuwa babu.

Ya ce, "Ni ma."

"Kai ma me?"

"Can Gwagwalada na je, wani ɗakin awo, na ba su sunan ƙarya. Sau biyu suka yi." Ya sunkuyar da kai. "Ko hannunki ban taɓa riƙewa ba, Kubra. Daga ina?"

"Ba a tambayar daga ina, masoyi. Yaushe za a fara magani ake tambaya. Talata zo mu je wajen Sista Mariya."

"Bari a yi auren tukuna."

Na ce to.

Ashe mahaifiyarsa, Umma, da ke Abaji, ta riga ta ajiye masa mata a ranta: Maimunat, ɗiyar ƙanwarta, mai aiki a wani kemis a Zuba. Maimunat ta zo Kado wai ta zo ganin amarya, da fara'arta da lemon kwalba. Na tashi yin alwala na ce ta riƙe min jaka.

Mai aikin kemis ai ta san roba in ta gani.

Ta ɗauki hoto a waya.

Bayan kwana uku Umma da kanta ta sauka a kasuwa, Maliki na biye da ita yana roƙonta. A gaban masu sayen kifi ta nuna ni da yatsa.

"Ke ce mai son kashe min ɗa?"

Na durƙusa. "Ina wuni, Umma."

"Kar ki ƙara ce min Umma! Maliki, ka san abin da take ɗauke da shi?"

"Na sani, Umma."

"Ka sani?!"

"Na sani. Ni an auna ni, lafiyata ƙalau. Tausayinta nake ji, lada nake nema."

Wayyo...

Wuƙar yankan kifi na hannuna, ban san lokacin da ta faɗi ba.

Da aka watse na ce masa, "Lafiyarka ƙalau ko? Lada kake nema da ni?"

"Hawan jini gare ta, Kubra. In ta ji gaskiya faɗuwa za ta yi. Ki rufa min asiri, sahibata. Don Allah."

Na rufa masa.

Aka ɗaura aure, daga danginsa kawunsa ɗaya ne ya zo. Muka kama ɗaki a nan Tungan Maje. Duk dangi suka ɗauke shi gwarzo mai tausayi, ni kuma annobar da ya kwaso. To wanda ya ce wa duniya lafiyarsa ƙalau, ta yaya zai je ya tsaya a layin karɓar magani?

Duk Talata sai na ce, "Mu je."

"Oga na da mitin."

Wata Talatar, "Mu je."

"Kin san Ɗanjuma? Direba ne a ofis ɗinmu. Wani ya hango shi a layin nan, cikin sati ɗaya direbobi suka daina cin abinci da shi a kwano ɗaya. Ogansa ya ce wai ba ya son mai yawan ciwo. Yanzu dako yake a Zuba. Haka kike so min?"

Ko ni in ya rage min hanya da motar ofis, nesa da asibitin yake sauke ni, wai kar a ga lambar gwamnati a ƙofar.

Sai ƙuraje suka fara fito masa a wuya. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ya zo ya tafi. Wata safiya wayata ta buga ƙarfe shida, na buɗe roba, yana zaune bakin gado yana ɗaure takalmi, gumi na zuba masa. Ya ɗago ya kalle ni.

"Ba ni ɗaya."

'Yan uwa, mijinki ne fa. Yana rawar sanyi. Magani na hannunki. Me za ki yi?

Na ba shi.

Amma a asibiti ƙirga ƙwayar ake yi, in ta ƙare da wuri za su gane. Sai muka yi dabara: yau ni, gobe shi. A kalandar bango nake sa alama, K, M, K, M. A tunanina kamar abinci ne, in ya yi kaɗan ai rabawa ake kowa ya samu, haka aka tashe mu. Na ce rabi gare ni rabi gare shi, ya fi a ce shi ba ya samun komai.

Kuma wallahi daɗi abin yake min! Ranarsa ni nake sa masa a baki, ya sumbaci yatsuna. Ranata shi yake kawo min ruwa, ya ce, "Sha, amarya, Allah ya bar min ke." Ban taɓa jin muna son juna kamar lokacin ba.

In na je karɓar sabuwar roba, Sista Mariya ta ƙirga ta ga daidai, har ta nuna ni ga sababbin zuwa. "Ku yi koyi da Kubra, ba ta wasa da magani."

Ina murmushi, ni kaɗai na san gaskiya.

A haka na samu ciki.

Yana wata bakwai sakamakon awon jinina ya fito. Ranar Sista Mariya ba ta yi min wasa ba. Ta rufe ƙofa, ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa tawa.

"Kubra, ƙwayar cutar ta tashi a jininki. Sosai. Kina shan magani?"

"Ga roba, Sista, ki ƙirga."

"Na ƙirga, daidai take. Jinin ne bai yarda ba." Ta ajiye robar. "Wa yake taya ki sha?"

Sai kuka.

Na faɗa mata komai, har kalandar.

Ta dafe kai. "Innalillahi. Kubra, wannan ba tuwo ba ne! Ba a rabawa! Ranar da ba ki sha ba, cutar tashi take ta hayayyafa, kuma tana sabawa da maganin har wata rana ya daina yi mata komai. Ke ba ki samu ba, shi bai samu ba." Ta ɗora hannu a cikina. "Wannan kuma da bai ci ba bai sha ba, shi zai ɗauka in aka haife shi jininki na haka."

"Sista, ya zan yi?"

"Wata biyu ya rage mana. Daga gobe kullum, ke kaɗai, ƙarfe shida. Shi kuma ki kawo min shi. Kyauta ne. In layi yake tsoro, ko Asabar ce zan zo in buɗe masa shi kaɗai, ba mai ganinsa."

Da murnata na koma gida, na ce yau dai uzuri ya ƙare. Bayan magariba na faɗa masa.

Fuskarsa ta canza.

"Kin gaya mata? Kin ba ta sunana?"

"Nas ce, masoyi, sirri ne aikinta..."

"Na ce ki rufa min asiri, kin je kin kwance ni a gaban wata!"

"Asabar ta ce. Kai kaɗai."

"Za su rubuta sunana a littafi ko ba za su rubuta ba?"

"Za su rubuta."

"To ba zan je ba."

Washegari ranarsa ce a kalanda. Waya ta buga shida. Ya miƙo hannu yadda ya saba, ko kallona bai yi ba.

Na buɗe roba. Na ciro ƙwaya. Na jefa a bakina na haɗiye a gabansa.

"Kubra, yau ranata ce."

"Ba ka da sauran rana a robar nan. Taka tana can asibiti tana jiranka."

"Wato kin zaɓa."

"Taɓa nan ka ji, yana motsi. Ɗanka ne fa!"

Bai taɓa ba.

"Kina kallo zan mutu."

"Ni ce zan goya ka in kai ka in ka yarda! Yau ma! Yanzu ma!"

Ya ɗauki makulli ya fita.

Ban taɓa yin abu mai ciwo irin haɗiye ƙwayar nan ba. Bayan kwana biyu na ƙirga na ga ɗaya ta ɓace, sai na koma ɗaure robar a lalita a ƙuguna, da ita nake kwana, da ita nake shiga wanka. Matar aure na ɓoye wa mijinta magani kamar ɓarawo!

Sati uku bai ci abincina ba. Tari ya kama shi, ya yi ta ramewa har wando ya daina zama masa. Oga ya ce ya je ya huta, ya ɗauki wani direban.

Sai ga Maimunat da motar haya, wai Umma ta ce a kawo mata ɗanta Abaji. Tana haɗa masa kaya tana magana kamar ba na ɗakin.

"Mun faɗa maka, Yaya. Ga shi ta shafa maka... ko da yake Umma ta ce sammu ne. Akwai mai magani, jarka biyu kawai ake sha."

Na riƙe rigarsa. "Ka faɗa musu gaskiya. Don Allah, ka faɗa musu."

A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai tari ya sarƙe shi. Maimunat ta ja hannunsa.

Daga ranar in na kira wayarsa ita ke ɗauka.

"Yana barci."

"Yana sallah."

"Kin gama da shi, me kuma kike nema?"

Ni kuwa na riƙe ƙarfe shidana. Ko ina amai, ko ina kuka, sai na sha. Kafin haihuwa aka sake awo, jinin ya sauka. A asibiti na haihu, Gwaggo ce kaɗai a kaina. Aka ba jaririya maganinta na ruwa, ina ɗiga mata kullum yadda aka nuna min. Nono zalla, ko ruwa ban ba ta ba, maƙwabta na ta surutu wai zan kashe yarinya da ƙishi.

Ana gobe suna saƙo ya shigo daga lambarsa.

"Nana Aisha. Ki yafe min."

Shi ke nan. Na kira, a kashe.

Nana Aisha na wata huɗu wayata ta yi ƙara da hantsi. Da ƙyar na gane muryar.

"Uwar kifi... zo ki ɗauke ni."

Ko kwanon da nake wankewa ban ɗauraye ba. Na goya Nana Aisha, na hau motar Abaji.

Na same shi a tabarma a tsakar gida, an jingina shi da bango. Wallahi da ba don idonsa ba da ban gane shi ba. Jarkoki huɗu a gefensa, duk an shanye. Umma na ganina ta miƙe.

"Fita min daga gida! Kin zo ki ga aikinki?"

Maimunat ta ce, "Da goyonta ma ta zo, ko kunya."

Ya ɗaga hannu a hankali.

"Umma... zauna."

"Maliki, kar ka wahalar da kanka..."

"Ƙarya na yi miki a Kado. Ina da shi tun kafin in aure ta. Tun kafin in taɓa ta." Ya tsaya ya yi tari. "Maganinta ta dinga raba min, har ta kusa rasa 'yar nan. Ita ta ce in je asibiti, ni na ƙi. Kunyarki na ji, Umma."



Maimunat ta zare jiki ta shige ɗaki, ban ƙara ganinta ba har yau.

Umma ba ta faɗi ba. Hawan jinin da muka yi ta tsoro bai yi mata komai ba. Zama ta yi a ƙasa, ta kalle shi.

"Ni na haife ka. Da ka gaya min, da ni zan kai ka da ƙafata."

Sai ta juyo gare ni, ba ta iya haɗa ido da ni ba.

"Kwanto min ita in gani."

Ranar muka taho da shi, ni da Umma muna riƙe da shi a bayan mota. Aka kwantar da shi a asibiti. Likita ya ce tarin fuka ne ya ci ƙarfinsa, sai an fara maganin tarin tukuna. Saboda tarin ba a bari ya ɗauki 'yarsa ba. Ta taga nake ɗaga masa ita, yana ɗaga mata yatsu biyu.

Bayan sati biyu Sista Mariya ta shigo da roba sabuwa fil, da kati. Sunansa na gaskiya a jiki, Maliki, ɓaro-ɓaro.

Ya karɓa ya daɗe yana kallo.

"Wannan ne abin da na yi ta gudu?"

"Shi ne, Oga direba."

Ya rungume robar a ƙirji, ya harare ni. "Tawa ce. Ko kin yi kuka ba zan sam miki ba."

Muka yi dariya har tari ya hana shi.

Kullum shida na safe waya ta buga, ya buɗe tasa in buɗe tawa, mu sha tare. Ya ce in ya tashi zai sayi keke mai ƙafa uku ya daina bin oga. Ya ce zai kai ni Kado da shaddarsa ruwan toka ya zauna a benci kowa ya gani.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka.

Ran na sha biyu, bayan la'asar, ina goge masa fuska, ya ce min ya gaji. Na ce ya yi barci.

Likita ya ce maganin ba shi da laifi, mu ne muka zo a makare.

Bai taɓa ɗaukar Nana Aisha ba, ko sau ɗaya.

Ran sadakar uku mata sun cika ɗaki. Da aka ragu, wata maƙwabciyata ta matso kusa da ni, ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta. Ta yi min gaisuwa, sannan ta sa baki a kunnena.

"Kubra... sauran maganin marigayi. Ki taimaka min da shi. Maigidana ne, ya ƙi zuwa. Daga nawa nake ba shi, ba ya isar mu."

Robar na cikin jakata, saura ƙwaya goma sha tara.

Na riƙe hannunta da ƙarfi har ta ce wash.

"Ba zan ba ki ba."

"Haba Kubra, ke da kika san ciwon abin..."

"Don na sani ne. Kin ga tabarmar can da ake zaman makoki? Ta nan hanyar take ɓullewa. Asabar ki ce masa ya shirya."

Ina takaba na mayar wa Sista Mariya robar, na gaya mata akwai wani. Asabar uku ta zo ta buɗe ba kowa. Ta huɗu mijin maƙwabciyar ya zo, da hular sanyi har ido cikin zafin nan. Jiya na gan shi yana ɗora buhun masara a mota shi kaɗai.

Ga Nana Aisha nan tana jan wayar, tuwo take so, bari in tashi. Umma na hanya daga Abaji, ta ce da kaza za ta zo.

Don Allah 'yar uwa, kar ki karanta ki ajiye. Akwai wadda kika sani, ko kike zargi, tana raba robarta da wanda take so. Ba sai kin ce mata komai ba. Tura mata kawai, yau, kafin shidan safe ta buga.